Wa ya taɓa yi wa mai fitar da zubin manhaja 2.8.14 godiya?

Sani_K: Salam jama'a. Akwai abin da ya tsaya min a rai tun jiya nake so mu ɗan tattauna. Wata tsohuwar manhaja da nake amfani da ita a sabar wajen aiki ta fitar da sabon zubi, wato release, lambar ƙarshe ce kawai ta canza, na buɗe bayanin canje-canjen layi huɗu ne kacal, gyara biyu, faci ɗaya na tsaro, sai ɗan gyaran rubutu. Ina gangarawa ƙasa sai ga wani ya rubuta wai wannan aikin ya mutu, shekara uku babu wani sabon abu. Wallahi raina ya ɓaci. Mutum ɗaya ne fa ya zauna ya haɗa zubin nan, ya gwada, ya sa hannu, ya ɗora, ba a biyan shi ko sisi, kuma ladan da ya samu kenan. Na duba sai na ga sunansa ne a kan kowane zubi tun shekaru masu yawa, ni kuma sai jiya na san sunan. Shi ne nake tambaya, a cikinmu wa ya taɓa tura wa irin waɗannan mutanen ko da "na gode" ne?

Bash: Hhh Malam Sani ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Ni dai ban taɓa ba, gaskiya. Amma in na samu matsala a guje nake zuwa in kai ƙorafi 😅

Ummi: Don Allah yayyena ku yi min bayani, ni sabuwa ce a harkar. In manhaja ta riga ta nuna ta zauna da gindinta, wane aiki ne kuma ya rage? Ba danna maɓalli ɗaya ake yi ta fita ba?

Malama Hadiza: Ummi ƙanwata tambayarki ita ce ma asalin maganar. Bari in ba ki misali da yadda gidauniyar Apache ke yi, don nasu a rubuce yake kowa na iya gani. Mai fitar da zubi zai zaɓi abin da zai shiga da abin da zai jira, ya yanke reshe, ya haɗa kunshin, ya sa masa hannu da makullinsa na GPG, wato sa hannun dijital da ke tabbatar da cewa daga wajensa ya fito, ya fitar da lambar tantancewa ta yadda in ko harafi ɗaya ya canza a hanya za a gane. Sai ya kira ƙuri'a, a bar ta a buɗe aƙalla awa 72, kuma dole sai mutum 3 daga kwamitin aikin sun sauke sun gwada sun ce sun amince, masu amincewa kuma su fi masu ƙi yawa. In a rana ta uku wani ya gano an manta fayil ɗin lasisi guda ɗaya, shi kenan an rushe, a koma a haɗa zubin gwaji na biyu, a sake ƙirga awa 72 daga farko. Wani lokacin sai an je na huɗu ko na biyar. Duk wannan mutum yana yi ne bayan ya tashi daga aikin da ke ciyar da shi.

Ummi: Ikon Allah. To amma tunda kod ɗin bai canza sosai ba ai gwajin ba zai yi wuya ba ko?

Malama Hadiza: Manhajar ba ta canza ba amma ƙasan da take tsaye a kai kullum motsi yake. Sabon kwamfaila, wato abin da ke juya kod ya zama manhaja mai gudu, ya fito ya ƙi wani layi da aka rubuta shekara 15 da suka wuce, wata laburaren kod da ta dogara da ita ta cire wani abu, satifiket ya ƙare, tsarin gwaji na kyauta da suke amfani da shi ya canza sharaɗi. Kuma tsohuwar manhaja mutane sun gina abubuwa da yawa a kanta, har kurakuranta ma wasu sun dogara da su ba su sani ba, kina gyara kuskure ɗaya sai ki ji ihu daga inda ba ki zata ba. A sabon aiki in kin fasa abu mutum goma ne za su ji, a tsohon aiki ba ki ma san adadin waɗanda za su ji ba.

Ɗan Fedora: Ni fa ku yi haƙuri zan ɗan saɓa. Wannan maganar 'yan sa-kai an cika kambama ta. Greg Kroah-Hartman da ke fitar da tsayayyun zubin Linux, Linux Foundation ce ke biyan shi. Daniel Stenberg na curl, manhajar aikawa da ɗauko bayanai ta intanet, yana aiki da wolfSSL tun 2019 kuma curl ɗin ne aikin nasa. Yawancin masu zuba kod a Linux ma'aikatan kamfanoni ne. To wane ɗan sa-kai kuma? Muna ta tausayin mutanen da albashinsu ya ninka namu.

Sani_K: Ka ɗauko biyu daga saman bishiya ka ce duk haka suke. Curl ɗin da ka kawo ma ai tun 1998 yake da wannan sunan, lissafa ka gani shekara nawa mutumin ya yi yana fitar da shi a lokacin hutunsa kafin 2019.

Injiniya Rabi'u: Ɗan Fedora yana da gaskiya ta wani ɓangaren, bai kamata mu yi kamar kowa a kyauta yake yi ba. Amma ka duba na tsakiya da na ƙasa. Lokacin da Heartbleed, wata babbar ɓarakar tsaro a OpenSSL, ta fashe a Afrilun 2014, OpenSSL ɗin da kusan duk intanet ke jingine da ita wajen ɓoye bayanai gudummawar da take samu a shekara wajen dala 2,000 ce. Werner Koch mai GnuPG, wato abin da ake sa wa zubi hannun da shi ma kansa, a farkon 2015 saura kaɗan ya ajiye aikin saboda babu kuɗi, sai da labarinsa ya fita a jarida sannan gudummawa ta fara zuba, Facebook da Stripe kowa ya yi alkawarin dala 50,000 a shekara. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi, haka abin ya daɗe yana tafiya.

Bash: Ni abin da ya fi ba ni mamaki yaren rubuta kod na Python ne. Kowane mai fitar da zubi yana ɗaukar siga biyu a jere, Ned Deily ya riƙe 3.6 da 3.7, Łukasz Langa 3.8 da 3.9, Pablo Galindo 3.10 da 3.11, Thomas Wouters 3.12 da 3.13, kuma kowace siga shekara 5 ake kula da ita. Kenan ranar da ka ce na yarda ka ɗaure kanka na wajen shekara 7 in aka haɗa da lokacin shiri. Wani auren ma bai kai haka ba 😂

Malama Hadiza: Bash Allah ya shirye ka 😄 Amma ka manta babban. Benjamin Peterson ya riƙe Python 2.7 tun fitowarta a 2010 har zubin ƙarshe 2.7.18 a Afrilun 2020. Shekara 10 yana gadin sigar da kowa ke cewa a bar ta a koma 3, babu wani sabon abu mai burgewa da zai saka, faci ne kawai a kan faci, kuma a wannan shekarun bankuna da jami'o'i da kamfanoni a kanta suke gudu. Ni na yi shekaru ina cin moriyar 2.7 a sabobinmu kafin in taɓa tambayar wa ke fitar da ita. Ina jin kunyar faɗa amma haka ne.

Kabiru M.: Assalamu alaikum, na daɗe ina karanta ku ban cika magana ba, amma wannan ta shafe ni. Na taɓa riƙe fitar da zubi na wata 'yar ƙaramar laburare, ba sananniya ba ce, na gaje ta ne daga wanda ya fara ta da ya samu wani aiki ya ce ba zai iya ba. Sau 6 na fitar. Bari in ba ku labarin na huɗu.

Daren Juma'a ne, yara sun yi barci, na ce awa ɗaya ta ishe ni. Ina da jerin matakai 23 a wani fayil da magabacina ya bar min. Na zo mataki na sa hannu sai kalmar sirrin makullin ta ɓace min fes, wata bakwai rabona da ita. Na gwada ta farko a'a, ta biyu a'a, na tashi na sha ruwa na dawo na rufe ido na bar yatsuna su buga da kansu, sai ta buɗe. Na ɗora kunshin, na tura sanarwa, na kwanta wajen ƙarfe 2 ina jin kaina wani gwarzo. Da asuba na duba waya sai ga imel daga wani mai shirya fakiti na ɗaya daga cikin rabe-raben Linux, cikin ladabi ya ce lambar tantancewar da ke cikin sanarwata ba ta dace da fayil ɗin ba. Ashe bayan na lissafa lambar na ga kuskuren harafi ɗaya a bayanin canje-canje, na gyara na sake haɗa kunshin, ban sake lissafi ba. Gabana ya faɗi don a idon wanda bai san ni ba wannan alamar an yi wa sabar kutse ce. Ba a goge zubin da ya riga ya fita, sai dai ka fitar da wani, haka na ƙara lamba ɗaya na rubuta ban-haƙuri na sake bin matakai 23 daga farko, Asabar ɗina ta tafi a haka.

A makon nan wani ma'aikacin wani kamfani ya turo min saƙo da manyan baƙaƙe yana tambayar me ya sa na fitar da zubi biyu a kwana ɗaya, na ɓata musu tsari, yana so in ba shi tabbacin ba za a sake ba. Kamfanin da bai taɓa turo ko layi ɗaya na gyara ba. Shi kuwa mai fakitin nan bayan na gyara ya sake rubuto min layi biyu, ya ce ya duba komai ya yi daidai, ya gode da saurin da na yi. Har yau imel ɗin na nan ban goge ba.

Ummi: Kai Yaya Kabiru sannu wallahi. To me ya sa ka bari?

Kabiru M.: An yi mana haihuwa ta uku, lokaci ya ƙare. Na yi wata huɗu ina cigiyar wanda zai karɓa. Masu son ƙara sabon abu suna da yawa, mai son riƙe fitarwa babu. Daga baya wata baiwar Allah da ta daɗe tana turo gyare-gyare ta karɓa, muka fitar da zubi ɗaya tare tana yi ina kallo, jerin matakan ma ta mayar da rabinsu na atomatik.

Injiniya Rabi'u: Wannan wajen miƙa makullin shi ne wajen da ya fi haɗari, kuma shi ya kawo mu maganar xz, manhajar matse fayiloli. Lasse Collin ya yi shekaru yana riƙe da xz kusan shi kaɗai, a 2022 ya faɗa a fili cewa aikin nan na sha'awa ne ba biyan shi ake ba kuma yana fama da rashin lafiyar da ta shafi ƙwaƙwalwa. A daidai lokacin wasu asusu da ba a san su ba suka dinga matsa masa, wai aiki ya tsaya, wai ya ba wani dama. Ga kuma wani mai kiran kansa Jia Tan yana ta taimako cikin natsuwa wajen shekara biyu har ya samu ikon fitar da zubi. Sai ga 5.6.0 da 5.6.1 a farkon 2024 ɗauke da ƙofar baya, wato ɓoyayyar hanyar kutse. Ku lura da wannan, guntun da ke tayar da mugun kod ɗin ba ya cikin ma'ajiyar kod ta git da kowa ke dubawa, a cikin kunshin da mai fitarwa ke haɗawa da hannunsa aka cusa shi. Wato kujerar da muke cewa ta danna maɓalli ce, ita aka yi shekara biyu ana farauta.

Bash: Kuma yadda aka kama shi ma abin dariya abin tsoro. Andres Freund, mai aikin PostgreSQL, yana gwaje-gwajensa a Debian sid, sigar wannan rabon Linux da ba ta zauna ba, ya ga shiga kwamfuta daga nesa ta SSH na cin wajen rabin daƙiƙa fiye da yadda ya saba, ya ƙi kawar da kai ya bi diddigi, ranar 29 ga Maris 2024 ya fallasa. Ni da ni ne cewa zan yi netwok ne 😭

Malama Hadiza: Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ni abin da na ɗauka a labarin nan shi ne irin kalaman da aka yi amfani da su wajen karya Lasse, ba su da bambanci da wanda Malam Sani ya gani jiya. "Aikin nan ya mutu." "Yaushe za a fitar da sabo." Mu muna rubutawa ne don haushi, wasu kuma da gangan suke rubutawa, shi wanda ke karantawa ƙarfe 1 na dare ba shi da hanyar bambancewa.

Ɗan Fedora: To ai kun dawo kan maganata ta wata hanya. Da "na gode" dubu aka tura wa Lasse da ba za ta hana komai ba. Abin da yake buƙata mutum na biyu ne amintacce da kuɗin da zai sa ya zauna ya yi aikin da rana tsaka. Godiya ba ta biyan haya. Jamus ta gane haka ta kafa Sovereign Tech Fund a 2022 tana zuba kuɗi a irin waɗannan ayyukan, wannan shi ne magani, sauran duk sanyaya zuciyarmu ne mu masu ci a kyauta.

Sani_K: Ban ce godiya ta maye gurbin kuɗi ba. Amma ni ba ni da asusun gwamnatin Jamus, abin da ke hannuna shi zan bayar. Kuma ka ji Malam Kabiru da bakinsa, imel mai layi biyu ya ajiye shekaru.

Kabiru M.: Ku biyun duka kuna da gaskiya amma bari in faɗi wadda ta fi min amfani lokacin. Ba kuɗi ba ne, don laburaren ba ta kai a biya mutum a kanta ba. Abin da na fi nema shi ne in na fitar da zubin gwaji wani ya sauke ya gwada ya ce min "na gwada a kaza, lafiya lau." Sai in sanar, mako biyu shiru kamar an yi ruwa an ɗauke, in ɗauka babu matsala in fitar da na gaske, washegari ƙorafi biyar. Duk biyar ɗin da sun gwada na gwajin da minti goma ya ishe su. Shirun nan ya fi zagi ciwo wallahi, don zagi aƙalla ka san akwai mutum a can.

Injiniya Rabi'u: Wannan gaskiya ce. Debian ma ai dalilin daskarar da ita na watanni kafin fitarwa kenan, a hana sabon abu shiga a bar mutane su gwada su kawo rahoto. Mutane na yi musu dariya wai ba su da rana tsayayya sai ta shirya, Debian 12 ta fito Yunin 2023, 13 sai Agustan 2025. Amma ka tuna wani ne a tawagar fitarwa zai kalli ɗan'uwansa da ya yi wata shida yana aiki a kan fakiti ya ce masa a'a, ka makara, sai zagaye na gaba. Faɗin a'a ga abokinka a kyauta, ni dai ba zan iya ba.

Malama Hadiza: Ga wani da ba ku ambata ba, ma'ajiyar lokutan duniya, wadda wayoyinmu da sabobinmu ke dubawa su san ƙarfe nawa a kowace ƙasa. Arthur David Olson ya fara ta a shekarun 1980, Paul Eggert ke riƙe da ita yanzu. A Maris 2023 gwamnatin Lebanon ta ɗage canjin agogo saura 'yan kwanaki, aka yi maza aka fitar da 2023b, kafin mako ya zagayo gwamnatin ta janye, aka sake fitar da 2023c aka mayar. Babu wanda ya yi shawara da mutumin, shi dai aikinsa ya bi bayan 'yan siyasar duniya da tsintsiya.

Bash: Log4j fa, laburaren Java da aka gano mata babbar ɓarakar tsaro a Disambar 2021, zubi huɗu a wata ɗaya daga 2.15.0 zuwa 2.17.1, 'yan mutane ƙalilan ba barci duniya na zaginsu. Har Daniel na curl da ba ruwansa da Log4j sai da wani katafaren kamfani ya turo masa takarda wai ya amsa tambayoyinsu cikin awa 24, kamar yaron gidansu. Ya ce musu zai amsa da zarar sun sa hannu a kwantiragin tallafi 😂

Ɗan Fedora: Wannan amsar ita nake so kowa ya koya. Shi ke nan na sauko kaɗan, a yi godiyar, amma duk wanda ke aiki a kamfanin da ke cin moriyar irin waɗannan manhajojin ya je ya sa ogansa a gaba a ware wani abu ko a ba ma'aikaci rana ɗaya a wata ya taimaka. In ba haka ba muna yaudarar kanmu ne.

Malama Hadiza: Na gwada wannan a wajen aikinmu, wata uku ina bin takarda, aka ce babu layin kasafin da za a sa "gudummawa" a ciki, in da rasit ne na sayen lasisi da an biya a ranar. Sai na canza dabara na sa a tsarin aikinmu cewa duk zubin gwajin manhajoji huɗu da muka fi dogara da su sai mun ɗora a sabar gwaji mun tura rahoto. Wannan ba ya buƙatar sa hannun kowa.

Ummi: Ni da ban iya kod sosai ba fa, in na tura saƙon godiya ba zan zama na dame su ba? Kuma a ina ake turawa, wajen kai ƙorafi?

Kabiru M.: Kar ki buɗe tikitin ƙorafi don godiya, wasu ba sa so don yana ƙara musu abin rufewa. Ki duba ƙasan sanarwar zubin, yawanci sunan wanda ya fitar na nan, ki tura gajeren imel. Ki faɗi lambar zubin da abin da kike yi da manhajar, kar ki liƙa wata buƙata a ƙarshe, don "na gode, amma yaushe za ku ƙara kaza" ba godiya ba ce, an sha yi min. In bai amsa ba kar ki damu, ya karanta.

Sani_K: Na tura nawa yanzu. Layi uku, na ce masa shekara 6 sabarmu na gudu a kan aikinsa ba ta taɓa tashina da dare ba.

Bash: Ni kuma na duba, laburaren da na fi kai wa ƙorafi tana da zubin gwaji a buɗe tun kwana tara, babu wanda ya ce uffan a ƙarƙashinsa. Ina saukewa. Malama Hadiza yaya ake duba sa hannun GPG ɗin nan ne, kullum tsallake wajen nake yi 🙈

Malama Hadiza: Haba Bash, shekara nawa kana wannan aikin! Sauke fayil ɗin da ke ƙarewa da .asc tare da kunshin, ka shigo da makullin mai fitarwar daga shafin aikin, sai gpg --verify. In ya yi maka gardama turo hoton allon in gani.